Tabon Kumatun Ƙauna

A ɗakin jiran likitan fata a Sabon Gari, Ƙauna ta kasa zama wuri ɗaya, sai leƙen ƙofa take yi. Wata dattijuwa da ke gefenta ta dubi baƙin tabon kumatunta.

"'Yata, maganin ɓare fata za a shafa miki?"

"Eh, Mama. Da zafi?"

"Raɗaɗi kaɗan ne, ni ma an yi mini. Amma fa sati biyu babu shiga rana."

"Sati biyu? Ni da nake gasa masara a bakin titin Samaru!"

"To, tabon ciwo yake miki?"

"A'a."

"Maigidan ne ya yi magana?"

Ƙauna ta miƙe, ta sake zama.

"Da ma a ce magana ya yi, Mama. Kallona ya daina yi."