Nura ya cire mini kyaftin a wasan ƙarshe

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Sani ne daga Al Karama a Dubai, kuma wallahi raina a ɓace yake.

Mu takwas 'yan gida ɗaya muke gasar fantasi, inda kowa ke zaɓen 'yan ƙwallonsa a waya, suna ci yana samun maki. Na kai wasan ƙarshe. Kowa ya san ɗan wasan gaban da zai raba gardama a makon, shi na sa kyaftin don makin kyaftin ninki biyu ne.

Ba a shiga wurin aikinmu da waya, sai na bar wa abokin ɗakina Nura ita ya duba mini 'yan wasan da suka ji rauni. Malam, sai ya cire mini kyaftin! Wai ba ya ƙaunar kulob ɗin ɗan wasan. Ɗan wasan nan ya zura uku, aka cinye ni da maki biyu.

Na tuhume shi, ya ce, "Khalas habibi," wato ya isa haka masoyi, "wasa ne fa."

Wasa? Wata tara ina tara maki! Masu sauraro, ku ba ni shawara. Gobe girkina ne: in zuba masa tuwo, ko in miƙa masa kwano wayam in ce wasa ne?