An Cire Kansila Daga Guruf

A kan benci gaban shagon mai gyaran waya, wata dattijuwa da wani direba suna jira.

"Mama, me ya sami taki wayar?"

"Kiran kansilanmu ne ya gajiyar da ita. Na cire shi daga guruf ɗin unguwa."

"Kansila guda? Ke wace ce?"

"Ni ke riƙe da guruf ɗin. Wata biyar famfonmu ba ruwa, shi kuwa sai turo mana hotonsa da sabuwar hula."

"Ai sai ku jira zaɓe."

"Shekara biyu da ƙishirwa, ɗan nan? Jiya-jiyan nan ya turo masu gyara."

"To ki mayar da shi mana, ya tuba."

"Sai ruwan ya zo tukuna. Shi ma ya ɗanɗana jira."