Gaisuwar Inna a Waya

Tunkiyar Inna ce ta kai ni Legas. Ranar Talata aka ja ta kasuwa tana kuka, washegari na hau mota ni ma ina kuka. Ke Sa'a, da ke da Hassi, tun da na dawo kun dame ni in kwaikwayi mutanen can. To zan yi, amma yau har da wadda ban taɓa yi muku ba.

Wajen Gwaggo Tumba aka tura ni, ƙanwar Baba da ta yi aure Bakura mijin ya kai ta Legas, wadda ke sayar da tuwo a bakin karar shanu. Aikina wanke tukwane, tuƙin tuwo, da kai wa dillalai kwano. Kafin azahar bayana ya ƙage. Mai gidan hayarmu kuwa, Iya Sikira, wai ita landiledi, ba ta taɓa kiran sunana daidai ba.

"Rubba! Wa ya suba ruwa a kofa na?"

"Luba nake, Iya."

"Rubba, Lubba, duka wahala ne!"

Na iya ta har da yadda take ɗaure zani a ƙirji. In kasuwa ta lafa da la'asar, masu wanke-wanke sai su ce, "Luba, yi muna Iya." In yi Iya, in yi Alhaji dillali mai tauna goro yana rantsuwa, in yi kwandasta mai ihun "wole, wole", wai a shigo mota, kamar ana yanka shi. Kowa ya san ni da ban dariya. Ba wanda ya san ina tsoron wayata.

Kun san yadda muke. Mutumin Mafara ba ya faɗin mugun labari da fari. Sai an yi ina wuni, ina gajiya, ina aiki, ina zafi, ina baƙunta, kowace amsa lahiya lau, sannan a yi shiru a ce sai haƙuri. Haka aka gaya mini rasuwar Kaka. To ga Yaya Sani kullum a hanyar Maradun da Faru wajen sayen shanu, hanyar da kun san halin da take ciki da 'yan bindiga. Da Inna ta kira ta fara jero gaisuwa, sai ƙirjina ya ɗaure. Hannuna ya jiƙe, numfashi ya ƙi sauka, ina amsa lahiya lau ina jiran inda za ta yi shiru. Ko ta gama ba komai, jikina ba ya yarda. Daga baya ko wayar wani ce ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Na daina cin abincin kirki. Ƙarshe na daina ɗauka.

Me ya hana ni faɗa? Ɗiyar mahauta ce ni, gidan da yarinya ke riƙe ƙafar bijimi ana fiɗa. In ce ƙarar waya nake tsoro? Kuma na san abin da zai biyo baya. Za a ce iska ce, a turo ni gida da hayaƙi da rubutu, sunan ya bi ni har ɗakin miji. Gara Inna ta ce Legas ta sa na yi girman kai. Ta kuwa faɗa, saƙon ya iso ni ta bakin wani direban tirela.

Ranar da na ƙona miya saboda waya ta yi ƙara a aljihuna, Gwaggo ta ce, "In kin gaji da aikin ga, mota na tashi Jumma'a."

Da la'asar aka ce in yi wasa. Ban san abin da ya hau kaina ba, na ce yau sabuwa zan yi, wata yarinya ce a gidan hayarmu mai tsoron waya. Na ɗora ludayi a kunne. Na yi muryar tsohuwa tana ina gajiya, ina aiki, na yi yarinyar tana rawar hannu tana haɗiyar iska tana lahiya lau. Mata suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Gwaggo na kan kujerarta tana yankan kuɓewa, ko murmushi.

Da suka watse ta ce, "Zo nan. Iya kin iya ta, Alhaji kin iya shi. Ita wagga yarinya, mi ya sa ba ki sake murya ba?"

Na ce wasa ne. Ta ci gaba da yanka, ba ta dube ni ba, ba ta kuma sallame ni ba. Na tsaya da ludayi a hannu, na laluba duk muryoyin da na iya, ba wadda ta zo. Sai tawa. Na ce, "Gwaggo, ni ce. Kullum ji nake za a ce Yaya Sani ya mutu. Don Allah kada ki ce iska ce."

"Iska? Shekarun da mijina ya yi yana bin tirela, kin san ko sau nawa na tuƙa tuwo ina amai don fargaba? Ba wanda na gaya wa. Kin gan ni da hawan jini."

Ta kai ni wani ƙaramin asibiti. Malamar ta ce damuwa ce, tana da magani, ta koya mini jan numfashi a hankali, ta ce in riƙa dawowa muna magana. Amma babban aikin Gwaggo ta yi shi a waya, da ta kira Inna.

"Ke A'i, daga yau in kin kira ɗiyar ga, ki fara da labari, gaisuwa ta biyo baya."

Ina jin Inna tana salati. "Labari kahin gaisuwa? Mun zama mutanen Legas?"

Ta dai yi, tana yi tana jin kunya kamar ta fita ba mayafi.

Ban warke sarai ba, kada in yi muku ƙarya. Har yau wata ƙarar tana tsinka ni. Ban kuma dawo da abin da zai maye tunkiya ba, sai atamfa da ciwon baya. Amma kun ga ranar da na sauka, Inna ta tare ni a zaure, kafin ta amsa sallamata ta ce, "Kowa na nan da rai, Sani na bayan gida yana alwala." Sannan ta gyara tsayuwa ta ce, "To, ina gajiya?"

Na ce, "Akwai ta, Inna."

Ta karɓi jakata ta ce, "Shigo ki gaya mini."