Tsiren Baffa Sama'ilu

Da sunan Allah nake farawa, ina salati ga Manzonsa.

Ranka ya daɗe Dagaci, Allah gafarta Malam Liman, shugaban makarantarmu da malamaina, iyayena maza da mata, Goggo Asiya uwargidan marigayi, Yaya Uwaisu babban ɗansa, assalamu alaikum.

Sunana Fadima, 'yar ƙanin Baffa Sama'ilu. An ce in yi magana a madadin yaran da motarsa ta kai iyayensu asibitin Bici, don ni a cikin motar ma aka haife ni. Ku yi haƙuri in kuka ga ban ɗago kai ba, a takarda na rubuto.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na tsani motar nan tasa, Fijo akori-kura. Tun ina ƙarama ake ce mini 'Yar Fijo, ni kuwa a littattafan soyayyar da nake karantawa, yarinya a mota mai sheƙi ake zuwa ɗaukarta. Babu wadda aka haifa a bayan akori-kura, kan buhun gero. Shi kuma Baffa ba ya gajiya da labarin. Duk baƙon da ya zo sai ya nuna ni ya ce, “Ga fasinjata. Mun tashi mu huɗu, muka isa Bici mu biyar.” Sai in ruga ɗaki.

Ya kasance manomi kamar kowa a garin nan. Ya kasance mutumin da in an buga masa ƙofa ba ya tambayar ko ɗan gidan wa ne. Ya kasance mai ajiye galan ɗin mai ƙarƙashin gado tun da wahalar man nan ta fara, ba ya zuwa kasuwar Tsanyawa da shi, yana cewa na masu naƙuda ne. Iyayena mata da ke zaune can baya sun fi ni sanin wannan.

Bara giyar motar ta fara tsalle. In ya sa lamba biyu sai ta fice, sai ya riƙe ta da hannu har a sauka. Daga baya ta ƙi shiga sam. Makaniki ya fi ƙarfinsa, kayan gyara kuwa kun san yadda suka koma. Da aka gama girbi ya ɗaura igiya a reshen tsamiyar ƙofar gida, ya sauke giyabos ɗin, wato akwatin giyar, ya ja shi zaure ya buɗe. Bai taɓa ganin cikinsa ba sai ranar.

Don kada ya manta yadda suke, duk ƙarfen da ya zare sai ya wanke shi da kananzir ya zura a karan dawa, ɗaya bayan ɗaya: mai haƙora, zoben tagulla, boris, haka dai. Goggo Asiya ta sha kwana babu fitila saboda wankin nan. Masu wucewa kan leƙo su ce, “Malam Sama'ilu, tsire ake yi?” Ya ce, “In ya gasu zan kira ku.” Mu kuma mu yi dariya. Mun yi dariya, jama'a, har da waɗanda motar ta kai matansu. Zobe ɗaya ne ya cinye, ya yi ta neman madadinsa, kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa, Bici, har ya samo a jikin wata matacciyar mota a Bagwai. Duk yawon nan babu wanda a cikinmu ya ce, Baffa, zauna ni in je.

Ni amfanin motar a wurina shi ne wurin ɓuya. Nakan shige gaba in kwanta da littafina don kada a aike ni. Ya sani, bai taɓa tona ni ba. Wata rana ya leƙo ya ce, “Fasinja, motar saurayin littafin nan tana da giya kuwa?” Na ce ban sani ba. Ya ce, “To tamu tana da ita, zo ki riƙe mini bakin karan nan.” Na ce baƙin mai zai ɓata mini lalle. Ya yi murmushi, ya dafe karan da gwiwa. Yana aiki yana cewa, “Kome za a yi, kada a zare su daga karan nan. Wanda ya fara fita shi ne na ƙarshen komawa.” Na yi kamar ban ji ba.

Da ciwo ya kayar da shi da daminar nan, a amalanken shanu aka kai shi bakin titi jiran bas. Ta gaban motarsa aka wuce da shi. Bai kai Bici ba. Mun san kwana ne ya ƙare, amma ban ga wanda ya iya kallon tsamiyar nan ba da muka dawo.

Goggo Asiya, wannan maganar taki ce. Ranar rasuwa kin ce a share zaure don masu gaisuwa, aka tattara notuna da sifanu a daro. Bayan sadakar bakwai Yaya Uwaisu ya nemi karan bai gani ba, ya ce an watsar, motar ta zama ta 'yan gwangwan, za su zo ɗaukarta bayan sadakar arba'in. Na ji ki kina kuka kina cewa ke kika ɓata masa aikin shekara.

Ba ki ɓata komai ba, Goggo. Ni na ɗauke karan kafin tsintsiya ta iso, na naɗe a zanina, na sa a rumbun Innarmu. Kullum sai in ce yau zan faɗa. In na zo ƙofar zaure na ga maza, sai in juya. Kuma na san da na faɗa za a ce, ai dama 'Yar Fijo ce. Saboda wannan sunan na bar ki kina kuka har yau da ake sadakar arba'in. Ki yafe mini.

Yaya Uwaisu, kai direban bas ne, ka san masu gyara. Ina roƙon ka sallami 'yan gwangwan. Ranka ya daɗe Dagaci, ina roƙon garin nan ya kama masa. Akwai mata masu ciki a wurin nan yanzu haka, kuma amalanke kun ga iyakarsa.

Na gode wa duk wanda ya baro gonarsa ya zo. Allah Ya jiƙan Baffa Sama'ilu, Ya yafe masa, Ya haskaka makwancinsa, Ya sa duk ran da ya kai asibiti ya zame masa shaida. Allah Ya ba iyalansa haƙuri, mu kuma Ya yafe mana dariyarmu. Amin.

Ga karan nan cikin zanin da na shigo da shi, da zoben da ya samo a Bagwai a wurinsa. Yaya Uwaisu, ka karɓa da hannu biyu, kada ka karkata shi. Ni zan riƙe bakin.

Fadima 'Yar Fijo