Farin Ƙyallen Majigi

Ina da wani mugun hali: in mota ta ƙi cika, sai in cika kunnena da zancen mutane. A tashar Batsari, wani magidanci ya tsaya kan wani tsoho da ke rungume da buhu, suka gaisa.

"Baba, ba kai ne Gambo Mai Majigi ba, wanda ke zuwa mana Tsaskiya bayan girbi?"

"Abin da ya rage nasa ne, ɗana."

"Allahu Akbar! Mu yara bayan ƙyalle muke zama, manya sun cinye gaba. Sai da na girma na gane jarumin fim ɗin nan ba bahago ba ne, kallo ta baya ne ke juya shi. Me ke cikin buhun?"

"Injin ne. Katsina zan kai wa 'yan gwangwan."

"Haba Baba, kada ka sayar! Zo ka haska mana ko sau ɗaya, 'ya'yana su ga abin da nake cika musu baki da shi. Ni zan sayi mai."

"Majigi duhu yake so. Wa ke fita yanzu bayan magariba? In kunna fitila a fili, in tara wa mutanen daji jama'a wuri guda?"

Magidancin ya ce, "To bar mini ƙyallen. Ko a ɗaki sai in rataya shi."

Tsohon ya gyara bakin buhunsa.

"Ƙyallen ya riga injin tafiya. Ranar da suka shigo garinmu yadi ya ƙare wa mai kanti. Shi muka yayyanka muka yi likkafani."