Motar Hayar da Ta Kunyata Ni a Sheshe

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, tare da masu sauraro. Daga Koki nake rubutowa, amma don Allah a sakaya sunana.

Ranar Asabar za mu kai gaisuwa gidan su yarinyar da zan aura a Sheshe, sai na je wurin masu ba da hayar mota. Mai motocin ya ce, "Alhaji, ina za a je da ita?" Na ce nan cikin gari ne. Ya nuna mini ƙarama na ƙi, na zaɓi wata shirgegiyar jif don a gan ni. Ya ce ya haɗa ni da direba, nan ma na ƙi.

Malam, a birnin nan aka haife ni, amma na manta faɗin lungunanmu. Muna shan kwanar gidan, motar ta maƙale tsakanin katangu biyu, ƙofofi suka ƙi buɗuwa. Ni da kawuna, da manyan rigunanmu, ta but, wato ma'ajiyar kaya ta bayan mota, muka rarrafo a gaban mahaifin yarinyar da dattawan unguwa. Da mai motar ya iso, da ƙarfi ya ce, "Da ka ce Sheshe ne, wallahi da ban ba ka ba!" Nan kowa ya san ta haya ce.

Jama'a, duk mai hayar mota ya faɗi ainihin inda za shi, ya tambaya wa zai gyara in an goga ta.

Ni kuma ku ba ni shawara, da wane ido zan koma gidan nan? Kawuna har yau bai amsa sallamata ba, kuma 'yan unguwar "Angon but" suke ce mini.