Kujerar Mai Agogo Ba Za Ta Tashi Ba

Shugaban wannan taro, dattawan ƙungiya da suka kafa ta tun muna aron kujeru, Malam Sakatare, 'yan'uwana masu jan labari, 'yan wasa maza da mata, iyaye da maƙwabta da kuka amsa gayyata, ina yi muku sallama irin ta mutunci. Ina gode wa shugaba da ya ba ni dama, ina kuma neman afuwa tun yanzu, domin yau raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye ba.

Baƙinmu, ga abin da muke yi duk Asabar a ɗakin bayan laburare. Mukan zauna mu shida a tebur guda, kowa da takardar mutumin da ya ƙago, wani jarumi, wani maharbi, wani mai magani, a wata duniyar ƙage ta zamanin takobi da ganuwa. Ni ce mai jan labari, su kuma su faɗi abin da mutanensu za su yi, a jefa ƙwaya irin ta ludo a ga ko an dace.

Yau an kawo ƙudiri biyu gabanku. A kori ɗan'uwanmu Mai Agogo, wanda ke gyaran agogo a bakin tasha, a kuma goge layin imani, inda ake rubuta abin da mutumin labari ya yi imani da shi, daga takardar kowane ɗan wasa. Na tashi ne in ce ban yarda ba.

Na farko, a ji abin da ya faru. Mutumin da Mai Agogo ya ƙago a wasan tsohon mai magani ne, ɗan wata ɗariƙa da muka ƙago, wadda alkawarinta guda ne: ba za ka wuce mai rauni ba, naka ne ko na abokan gaba. Asabar uku da suka wuce, ayarinsu na gudu zuwa ƙofar gari kafin a rufe, sai ga sojan maƙiya kwance a kan gada cikin jini. Kowa ya ce a wuce. Mai Agogo ya daɗe yana kallon takardarsa, sannan ya ce, “Tsohon nan ba zai wuce ba.” Ƙanena Direba ya mayar da jaruminsa ya kare tsohon, aka rufe ƙofa, jarumin da Direba ya yi shekara uku yana ginawa ya mutu a kan gadar. Direba ya buga tebur har shayi ya zube a kan taswira, ya ce wannan ba wasa ba ne, mugunta ce.

Direba, na san zafin, wallahi na sani. Ni na ga yadda ka zana wa jarumin nan sulke da biro, kala uku. Amma zafin rai bai zama hujja ba.

Na biyu, kuma nan ne haushina yake. Shekara biyu tsohon nan yana warkar da ku. Sau nawa aka sare ku ya tashe ku? Sau nawa kuka sha dafi ya tsamo ku? Ku duba littafin dokarmu, ƙarfin warkarwarsa daga alkawarin nan yake fitowa. Duk ranar da imaninsa ya ɗinke muku rauni, tafi kuke yi. Ranar da imanin ya nemi ku jira minti biyar a kan gada, sai ya zama matsala! Ai wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ku kuna son mai imani ne ya zama akwatin magani mai ƙafa biyu, a buɗe a ɗiba a rufe, kada ya yi magana. Wannan cin moriyar ganga ne, kuma ban taɓa zaton zan gan shi a teburina ba.

Na uku, batun goge layin. Malam Sakatare ya ce imani na kawo rigima, a bar takobi da dukiya kawai. Malam, da girmanka, wace duniya ce wannan? Mutanen da ke binne 'ya'yansu saboda annoba, masu fita yaƙi ba su san ko za su dawo ba, a ce ba su da abin da suke rantsuwa da shi, ba abin da suke tsoro in sun kaɗaita, ba abin da zai hana su yanka wanda ya faɗi? Babu wanda ke bauta wa abin da muka ƙago, kowa a nan ya san inda yake kai goshinsa ko gwiwarsa. Amma in kun cire wa mutumin labari abin da ba zai taɓa yi ba, kun bar lambobi ne kawai a kan takarda, kuma in lambobi muke so, mu koma karta.

Sai abin da ba a rubuta a ƙudirin ba. Ni na ajiye sojan nan a kan gada. Da gangan na yi, ina so in ga ko alkawarin na baki ne. In akwai mai laifi, ga ta tsaye a gabanku.

Da safen nan Mai Agogo ya same ni a bakin ƙofa. Mutumin da matarsa ta rasu bara, wanda Asabar ce kaɗai ranar da yake zama cikin mutane, ya miƙo mini takardar ajiye kujerarsa. Ya ce in ba shugaba a ɓoye, kada a raba kan ƙungiya saboda shi. Na ce masa, “Yaya, ka yi haƙuri, yau zan saɓa maka.” Ga takardar a hannuna. Ba zan miƙa ba. Duk mai son a kore shi, kada ya ɗaga hannu daga inda yake zaune. Ya taso, ya zo nan, ya karɓe ta daga hannuna, Mai Agogo yana kallonsa daga layin baya.

Allah Ya sanyaya zukatan da suka yi zafi, har da tawa. Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya kare mu daga butulci, Ya mayar da baƙinmu gida lafiya. Zan tsaya nan, ba zan zauna ba sai an yi hukunci.

Na gode.